Yadda ake karanta lambobi da lissafin maki a gasar tsalle cikin ruwa

"Assalamu alaikum. Nakan kalli gasar tsalle cikin ruwa a talabijin lokacin wasannin Olamfik, amma lissafinsu yana rikita ni. Kafin mutum ya yi tsalle sai a rubuta wani abu kamar 5253B, da wata lamba a gefe kamar 3.2. Bayan ya faɗa ruwa sai maki bakwai su fito, a soke huɗu. Na kuma ga wanda ya shige ruwa sumul ba fantsama, amma wanda ya ɗan watsa ruwa ya fi shi maki. Don Allah mene ne ma'anar waɗannan lambobi, kuma yaya ake lissafin?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyinka uku ne, amma jijiyarsu ɗaya. Makin kowane tsalle abu biyu ne aka ninka da juna: abin da ɗan wasa ya yi alkawarin zai yi, da kuma yadda ya cika alkawarin. Lambar 5253B ita ce alkawarin, 3.2 shi ne nauyin alkawarin, maki bakwai ɗin nan kuwa hukuncin alƙalai ne a kan cikawar. Wanda ya kalli fantsamar ruwa kaɗai ya ga ƙarshen magana ne bai ji farkonta ba.

Hukumar da ke tsara dokokin wasan a duniya ita ce World Aquatics, wadda aka sani da FINA tun kafa ta a 1908 har zuwa ƙarshen 2022 da ta sauya suna. Wasan ya shiga Olamfik a 1904, mata suka fara fafatawa a 1912, tsallen mutum biyu a tare kuma aka ƙara shi a Sidni a 2000. A Olamfik wuraren tsalle biyu ne. Akwai allo mai lanƙwasa, mita 3 daga saman ruwa, wanda aka yi da alminiyam, tsawonsa ya kusa mita biyar, faɗinsa rabin mita. A gefensa akwai wani gargare da za ka ga 'yan wasa suna murzawa da ƙafa kafin su fara. Suna matsar da matokarin allon ne gaba ko baya, don allon ya yi tauri ko ya yi laushi daidai da nauyinsu da takunsu. Sai kuma dandamali na mita 10, wanda ba ya motsi ko kaɗan. A gasar duniya akan ƙara da allon mita 1.

Karatun lambar

Lamba ta farko ita ce dangin tsallen, wato ina ɗan wasa ya fuskanta kuma ta ina zai juya. Idan ka ga 1, ya fuskanci ruwa zai yi alkafura gaba. Idan 2 ce, ya ba ruwa baya, ya tsaya a kan yatsun ƙafa a bakin allo, zai juya ta baya. Waɗannan biyun ba su da wuyar ganewa. Na 3 da na 4 su ne masu rikita mai kallo, kuma su ne masu hatsari, domin a cikinsu kai yana komawa wajen allon da aka baro. A dangi na 3 mutum yana fuskantar ruwa, ya tashi gaba, amma ya juya ta baya. A na 4 ya ba ruwa baya, ya tashi baya, amma ya juya ta gaba, goshinsa na wucewa dab da bakin allo. Dangi na 5 shi ne duk tsallen da aka haɗa alkafura da murɗawa, wato jiki na juyawa kamar igiyar da ake tufka a daidai lokacin da yake wuntsilawa. Na 6 na dandamali ne kaɗai: ɗan wasa zai fara ne tsaye a kan hannuwansa, ƙafafu a sama.

A lamba mai gida uku, gidan tsakiya kusan kullum sifili ne. Idan ka ga 1 a wurin, ana nufin mutum zai fara tafiya a miƙe kamar mai shawagi kafin ya naɗe, kuma da wuya ka ga wannan a manyan gasa yanzu. Gida na ƙarshe shi ne wanda ya kamata ka riƙe da kyau, domin yana ƙirga rabin alkafura ne, ba cikakkiya ba. Saboda haka 105 alkafura biyu da rabi ce ta gaba, 107 uku da rabi, 109 huɗu da rabi, 407 kuma uku da rabi ta dangi na 4. Mara a ƙarshe, kamar 5 ko 7, na nufin za a shiga ruwa da ka, cika, kamar 4 ko 6, na nufin da ƙafa, shi ya sa a dangi na 1 zuwa na 4 kusan duk lambobin manyan 'yan wasa suke ƙarewa da 5 ko 7 ko 9.

Dangin murɗawa gida huɗu gare shi. Mu ɗauki naka, 5253. Biyar ta farko ta ce akwai murɗawa. Biyu ta ce alkafurar ta baya ce. Biyar ta gida na uku ta ce rabi biyar, wato alkafura biyu da rabi. Uku ta ƙarshe ta ce rabin murɗawa uku, wato ɗaya da rabi. Da wannan za ka iya karanta 5154 da kanka: gaba, alkafura biyu da rabi, murɗawa biyu cif. A dangi na 6 gida na biyu ne ke nuna wajen juyawa, don haka 626 tsayuwar hannu ce da alkafura uku ta baya, 6243 kuma tsayuwar hannu da alkafura biyu ta baya da murɗawa ɗaya da rabi. Lura cewa a nan lissafin mara da cika ya kife: tun da mutum ya fara ne kai a ƙasa, cikakkiyar alkafura ce ke dawo da shi kai a ƙasa.

Harafin ƙarshe siffar jiki ce a iska. A na nufin a miƙe, ba lanƙwasa a ƙugu ko a gwiwa. B ita ce masu sharhi ke kira faik: an naɗe a ƙugu, gwiwoyi a miƙe ƙyam, ƙirji ya manne da cinya. C ita ce tok, an dunƙule gaba ɗaya, hannu ya kama ƙwauri, gwiwoyi da ƙafafu a haɗe. D kuma sakakkiya ce, ana amfani da ita a wasu tsallen murɗawa inda jiki ke sauya siffa a hanya. Dunƙulallen jiki ya fi saurin juyawa, miƙaƙƙe ya fi jinkiri, shi ya sa tsalle ɗaya a siffar B yakan fi tsada a kan C. A dandamali 109C nauyinsa 3.7, amma 109B ya kai 4.1.

Ma'aunin wahala

Lambar nan ta gefe, da ake rubutawa da DD, ita ce ma'aunin wahalar tsallen. Ba alƙali ne ke yanke ta a ranar gasa ba, a rubuce take tun da can a jadawalin hukuma, kuma an samo ta ne ta haɗa abubuwa biyar: yawan alkafura, siffar jiki, yawan murɗawa, irin tashin, da kuma ko ɗan wasa zai iya ganin ruwa kafin ya shiga ko kuwa shigar makauniya ce. Tsalle mafi sauƙi yana farawa daga 1.2, mafiya wuya suna haura 4. Tsayi ma yana sauya ta, kuma ba ta hanyar da mutane ke zato ba. Alkafura uku da rabi ta baya a dunƙule, 207C, nauyinta 3.3 a mita 10, amma 3.6 a allon mita 3, domin a ƙasa lokacin da mutum ke da shi a iska ya fi ƙanƙanta kuma dole shi ne zai samar wa kansa tsayi daga allon. Jadawalin kuma ana sake duba shi lokaci zuwa lokaci. Tsallen da Matthew Mitcham na Ostireliya ya rufe gasa da shi ya ɗauki zinare a Bejin a 2008, wato 5255B, a lokacin nauyinsa 3.8 ne, ya ba shi maki 112.10, yau nauyinsa 3.6. Don haka kwatanta jimillar makin wani zamani da ta wani zamani yana buƙatar hattara.

Kowane ɗan wasa yana miƙa jerin tsallensa a rubuce tun kafin a fara, kuma ba shi da damar sauya ra'ayi yana kan allo. Maza tsalle shida suke yi, mata biyar, ba a maimaita lamba, kuma dole a zagaya dangogi daban-daban. Namiji a dandamali sai ya taɓa duka dangogi shida. A allo kuwa, tun da dangogi biyar ne, zai maimaita dangi ɗaya da wani tsalle daban. Wannan doka ce ke tona asirin kowa, domin kusan babu ɗan wasan da ba shi da dangin da yake jin tsoro.

Lissafin kansa

A manyan gasa alƙalai bakwai ne, suna zaune a kan dogayen kujeru a gefen tafkin ta ɓangarori biyu. Kowa zai ba da maki daga sifili zuwa goma, da rabi-rabi a tsakani, nan take, ba shawara da na kusa. Goma na nufin ba aibi, 8.5 zuwa 9.5 ya yi kyau ƙwarai, 7 zuwa 8 ya yi kyau, 5 zuwa 6.5 ba laifi, 2.5 zuwa 4.5 akwai naƙasu, rabin maki zuwa 2 bai gamsar ba, sifili kuwa tsallen ya faɗi. Sai a soke manya biyu da ƙanana biyu, a tara ukun tsakiya, a ninka da ma'aunin wahala. Sokewar nan da ka gani kariya ce: alƙalin da ya yi son kai, ko wanda kusurwar zamansa ta ɓoye masa wani abu, ba zai iya jan sakamako shi kaɗai ba. Inda alƙalai biyar ne, babba ɗaya da ƙarami ɗaya ake sokewa, ukun dai ne ke saura.

Ga misali da 5253B ɗinka a mita 10. A ce an ba da 7.5, 8, 8, 8, 8.5, 8.5 da 9. Za a cire 7.5 da 8 ɗaya a ƙasa, a cire 9 da 8.5 ɗaya a sama. Saura 8, 8 da 8.5, jimilla 24.5. Ninka da 3.2, ka sami 78.40.

Yanzu ga amsar abin da ya fi ɗaure maka kai. Ɗauki 'yan wasa biyu a allon mita 3. Na farko ya yi 107B mai nauyin 3.1, ya shige sumul, makinsa uku da suka tsira duka 8.5 ne: 25.5 sau 3.1 ya ba da 79.05. Na biyu ya yi 109C mai nauyin 3.8, ya ɗan watsa ruwa, aka ba shi bakwai-bakwai: 21 sau 3.8 ya ba da 79.80. Alƙalai sun yarda da idonka, sun fifita na farko da maki ɗaya da rabi kowannensu, amma ninkawa ta ɗaga na biyu. Sai dai ka duba ɗaya gefen. Idan 109C ɗin nan ya kuɓuce masa ya sami 4.5, makinsa 51.30 ne kawai, kuma giɓin kusan maki talatin ba ya cikuwa da sauƙi a zagaye na ƙarshe. Wannan shi ne lissafin da kowane mai horarwa ke yi kafin ya rubuta jeri. A ganina tsalle mai wuya bai cancanci shiga jerin gasa ba sai ɗan wasa yana iya kawo shi daidai ko a ranar da jikinsa ba ya masa daɗi. Wanda yake dacewa da shi sau uku cikin goma a horo, caca yake yi.

Idan kana son ganin abin da ke faruwa in wahala da tsafta suka haɗu, duba Quan Hongchan ta ƙasar Sin a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021, tana da shekara 14. Jerin tsallenta biyar, ko da kowane alƙali ya ba ta goma a kowanne, iyakarsa maki 477. Ta tashi da 466.20, kuma uku daga cikin biyar ɗin sun ba ta 96.00, wato talatin cif sau 3.2.

Abin da alƙali ke kallo

Doka ta ce alƙali ya manta da wahalar tsalle, ya duba yadda aka yi shi kawai, tun daga tsayuwar farko, da taku, da tashi, da tafiya a iska, har shiga ruwa. A allo, taku na ƙarshe shi ne uwar tsallen: ɗan wasa zai ɗaga gwiwa ɗaya ya tashi sama, ya sauko da ƙafa biyu a daidai bakin allo lokacin da allon ke shirin karɓarsa. Idan ya sauka taƙi ɗaya baya da baki, ko ya karkata gaba, allon ba zai ba shi tsayi ba, zai cilla shi nesa. Daga nan komai sai ya zama gaggawa, ya makara wajen buɗewa, ya shiga ruwa bai gama juyawa ba. Yawancin munanan shigar da kake gani a ƙasa, a kan allo aka haife su. Shi ya sa idan ina koya wa mutum kallon wasan nakan ce ya fara da duba inda kan ɗan wasa ya kai a sama da kuma nisansa da allo, kafin ya damu da ruwa.

A iska ana duba ƙafafu a haɗe, yatsu a tsuke, gwiwa ba ta karye ba a faik, gwiwoyi ba su buɗe ba a tok. Buɗe gwiwa yana ƙara saurin juyawa, shi ya sa 'yan wasa ke satar sa a tsalle mai alkafura huɗu da rabi, alƙalai kuma suna rage maki a kansa. Nisa da allo ma ana auna shi: wanda ya yi nisa ya yi asarar kyau, wanda ya matso har ya zama hatsari ko kansa ya taɓa allo ba zai wuce maki 2 ba. Ba don ado aka sa wannan doka ba. Greg Louganis na Amurka ya buga kansa a allo a zagayen share fage a Siyol a 1988, a tsallen dangi na 3, aka yi masa ɗinki, ya dawo ya ci zinare. Ba kowa ke tashi daga irin wannan ba.

Sai shiga ruwa. Daga mita 10 mutum yana isa ruwa cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Ana so ya shiga a tsaye cak. Idan bai kai tsaye ba an ce ya gaza, idan ya wuce an ce ya zarce, kuma za ka gane su daga wajen da ruwa ya watsu. Shigar da ba fantsama, wadda ake kira rif saboda ƙararta kamar an yage ƙyalle, dabara ce ta hannu. Ba da tsinin yatsu ake shiga ba. Ɗan wasa yana kama bayan hannu ɗaya da ɗayan, tafin yana kallon ruwa a shimfiɗe, damatsa sun matse kunnuwa, ciki a ɗaure. Tafin ne ke huda rami, jiki ya bi ta ramin, da shigarsa kuma ya ware hannuwa ya ja iskar ƙasa da shi. A ƙarƙashin ruwa za ka ga ya wuntsila. Wannan ceto ne, yana jan ƙafafunsa su shige a miƙe ko da ya ɗan gaza ko ya zarce. Abin da ya faru bayan jiki ya nutse gaba ɗaya ba ya cikin hukunci.

Akwai kuma hukuncin da ba na alƙalai bakwai ba ne, na babban alƙalin gasa ne. Wanda ya fara taku ko ya ɗaga ƙafa a tsayuwar hannu sannan ya tsaya ya sake farawa, za a cire maki 2 daga makin kowane alƙali, in ya sake kuma sifili. Wanda ya yi wata lamba ba wadda ya rubuta ba, sifili, komai kyanta. Wanda ya yi lambar daidai amma a wata siffa, misali ya rubuta B ya yi C, ba zai wuce 2 ba. Murɗawar da ta gaza ko ta zarce da digiri 90 ko fiye, sifili. Haka ma idan ƙafa ta riga hannu taɓa ruwa a tsallen da ya kamata a shiga da ka. Idan ka ga tsalle mai kyau a ido ya sami maki ƙasa warwas, yawanci ɗaya daga cikin waɗannan ne ya faru.

Tsallen mutum biyu

A nan alƙalai goma sha ɗaya ne. Uku suna kallon ɗan wasa na farko shi kaɗai, uku na biyu, biyar kuma ba ruwansu da kyan tsalle sai daidaituwa: tashi tare, tsayi ɗaya, nisa ɗaya da allo, juyawa tare, shiga ruwa lokaci guda a kusurwa guda. Daga kowane rukunin uku a ɗauki na tsakiya, daga biyar a ɗauki uku na tsakiya. Maki biyar ke nan, a tara, a ninka da 0.6 don su dawo ma'aunin maki uku, sannan a ninka da wahala. Idan an sami 8 da 7.5 a aiki, da 8, 8, 8.5 a daidaituwa, jimilla 40, sau 0.6 ya zama 24, a tsalle mai nauyin 3.0 maki 72.00. Tsalle biyu na farko an ƙayyade musu nauyin 2.0 komai lambarsu, shi ya sa za ka ga makin farko bai wuce hamsin da wani abu ba, daga na uku kuma ya yi sama.

A gasar mutum ɗaya ta Olamfik ana yin share fage, 18 su wuce, sannan 12 su kai zagayen ƙarshe, kuma a kowane zagaye maki daga sifili yake farawa. Wanda ya zo na goma sha biyu da safe yana iya ɗaukar zinare da yamma.

Iyakar abin da bayani irin wannan zai ba ka ita ce lissafi da sunaye. Bambancin 8 da 8.5 ba a rubuce yake a ko'ina ba, ido ne da ya ga dubban tsalle, kuma alƙalai ƙwararru ma suna saɓawa da rabin maki ko ɗaya. Talabijin kuma tana nuna maka tsallen a hankali, daga sama da ƙarƙashin ruwa, alhali alƙali sau ɗaya ya gan shi, daga gefe, da gudunsa na gaskiya. In kana son horar da idonka, karanta lambar da zarar ta fito, ka faɗa wa kanka ta ina zai juya da sau nawa, ka yanke makinka da zarar ƙafarsa ta ɓace a ruwa tun kafin a maimaita hoton, sannan ka gwada da ukun da ba a soke ba. Fara da gasar mata ta allon mita 3, domin a can da yawa daga cikinsu tsalle iri ɗaya suke yi, 405B da 107B da 205B da 305B da 5152B, kusan duka nauyinsu 3.0 ne ban da 107B mai 3.1, don haka bambancin da za ka gani a maki na aikin ne kawai.